Dangin Harsunan Duniyar Tolkien da Inda Ake Magana da Kowanne

Tambaya: Malam, na karanta labaran J.R.R. Tolkien na Ƙasar Tsakiya, na kuma kalli finafinan da aka yi a kansu, amma harsunan da ke ciki sun ɗaure mini kai. Dangin harsuna nawa ne a wannan duniya da ya ƙaga, kuma a ina ake magana da kowanne? Wani abokina ya ce mini Elfawa harshen Finlan suke yi, mutanen Rohan kuma tsohon Ingilishi. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, manyan dangi biyu ne suke da rassan da za a iya bin salsalarsu tun daga tushe, wato dangin harsunan Elfawa, halittu masu kama da mutane amma marasa mutuwa, da dangin harsunan 'yan Adam na yamma da arewa. Bayan su akwai wani ƙaramin dangi na 'yan Adam da ya saura a tsaunuka da lunguna, sannan akwai harsuna huɗu da kowanne yake tsaye shi kaɗai ba shi da ɗan'uwa: na Wadanni, da na Entawa (halittu masu kama da bishiyoyi), da na Valar (manyan ruhohi masu kula da duniyar), da Baƙin Harshe na Sauron, mugun sarkin ƙasar Mordor. Sai dai tambayar "a ina" ba ta amsuwa sai an haɗa ta da "yaushe", domin labarin ya ratsa zamani uku, kuma Zamani na Biyu kaɗai shekara 3441 ne, na Uku kuma 3021. A cikin wannan tsawon lokaci ƙasar Beleriand ta nutse a teku, tsibirin Númenor ma ya nutse, saboda haka harshen da ya cika wata nahiya a wani zamani sai ka tarar ya koma na 'yan tsiraru a zamanin da ya biyo baya.

Maganar abokinka kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ya cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe. Akwai dangantakar harsunan a cikin labarin, wato wanne ya haifi wanne. Akwai harsunan duniyarmu da suka burge marubucin har ya kwaikwayi zaƙinsu. Akwai kuma harsunan da ya ara don su tsaya a madadin waɗansu, a matsayinsa na wanda yake riya cewa fassara yake yi daga wani tsohon kundi. Harshen Finlan yana cikin kashi na biyu, tsohon Ingilishi yana cikin na uku, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da wani yake furtawa a Ƙasar Tsakiya.

Tolkien, wanda aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892 ya kuma rasu a Ingila a 1973, masanin tarihin harsuna ne tun kafin ya zama mai ƙaga labari. Ya yi aiki a babban ƙamusun Ingilishi na Oxford a 1919 da 1920, ya koyar a Leeds, sannan ya zama farfesan tsohon Ingilishi a Oxford a 1925. Sana'ar irinsu ita ce a jera kalmomin harsuna 'yan uwa, a gano ƙa'idojin da sauti ya bi ya sauya, a hasaso kamannin uwar da ta haife su. Shi sai ya juya aikin: ya fara ƙirƙiro saiwoyin uwar, sannan ya bi da su ta ƙa'idojin sauyin sauti daban-daban har 'ya'ya suka fito. Ya fara wannan aiki wajen 1915, kuma a wata wasiƙa ta 1955 ya bayyana cewa labaran ne aka yi domin a sama wa harsunan mazauni, ba harsunan aka yi domin labaran ba. Da yake ya san cewa harshe ba ya rabuwa biyu sai masu shi sun rabu, dole ya sama wa kowane reshe dalilin rabuwarsa, kuma wannan ne ya sa taswirar harsunansa ta zama taswirar ƙaura da zango da saɓani.

Dangin Elfawa shi ne ya fi kowanne cika. Asalinsu bakin ruwan Cuiviénen ne, can ƙuryar gabas, inda suka ƙago harshensu da kansu suka kira kansu Quendi, ma'ana masu magana. Da aka gayyace su zuwa Aman, ƙasar Valar da ke hayin tekun yamma, waɗansu suka ƙi tashi, su ne Avari, kuma harsunansu suka warwatsu a gabas har suka daina fahimtar juna. Abin da Tolkien ya bari daga bakinsu kalmomi shida ne, dukkansu jikokin kalmar nan ta Quendi: kindi, cuind, hwenti, windan, kinn-lai da penni. Waɗanda suka amsa gayyata zuriya uku ne, Vanyar da Noldor da Teleri, kuma Teleri su ne mafi yawa, su ne kuma masu jan ƙafa. Da ayari ya iso kogin Anduin ya hango Duwatsun Hazo, wani ɓangare na Teleri a ƙarƙashin Lenwë ya ƙi hawa ya gangara kudu. Su ne Nandor, kakannin Elfawan daji na Lórien da Mirkwood, waɗanda wasunsu daga baya suka shiga Ossiriand. Da aka kai Beleriand a gaɓar teku, wani ɓangaren ya tsaya neman sarkinsa Elwë da ya ɓace, wani kuma ya zauna a gaɓa tare da Círdan. Waɗannan su ne Sindar, harshensu Sindarin. Ragowar Teleri da suka ƙetare sun daɗe a tsibirin Tol Eressëa kafin su kafa Alqualondë, kuma wannan zaman kaɗaici ya ba su nasu harshen, Telerin. Vanyar da Noldor, da suka riga kowa isa, su ne masu Quenya, a Valmar da Tirion. Idan ka lura, kowane zango da wani ya ƙi tashi daga gare shi ya zama reshe.

Abin da ya bambanta wannan aiki da tarin kalmomin ƙarya shi ne ana iya gwada dangantakar kamar yadda ake gwada ta harsunan gaske. Tsohon sautin kw ya zauna yadda yake a Quenya, inda ake rubuta shi qu, amma a bakin Teleri ya koma p. Saboda haka sunan wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, ya zama alqua a Quenya, alpa a Telerin, alph a Sindarin, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Sindarin ya fi kusa da Telerin duk da tekun da ke tsakaninsu. Kalmomin da suka fara da mb ko nd ko ng a uwar harshen, Quenya ta riƙe sautin hanci ta yar da na biyu, Sindarin kuma ya yi akasin haka: gida mar ne a Quenya, bar a Sindarin, yamma númen ce a Quenya, dûn a Sindarin, Noldo kuma Golodh ne a bakin Sindar. Azurfa tyelpë ce a Quenya, telpë a Telerin, celeb a Sindarin, wadda ita ce a farkon sunan Celeborn da Celebrimbor. A ƙirar kalma ma sun yi hannun riga. Quenya tana lafta ɗafa-ƙeya, ta ce -nna don "zuwa", -llo don "daga", -ssë don "a cikin", kuma a nan ne tasirin harshen Finlan ya fito fili, domin shi ma da -ssa yake nuna "a cikin". Tolkien ya ci karo da littafin nahawunsa a laburaren kwalejin Exeter yana ɗalibi, ya kuma haɗa masa ɗanɗanon Latin da Girkanci. Sindarin kuwa ya zubar da wasulan ƙarshe, yana yin jam'i da sauya wasalin ciki, adan ya zama edain, amon ya zama emyn, orch ya zama yrch, kuma baƙin farko na kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ya gabace shi. Wannan ɗabi'ar harshen Wales ce, wanda Tolkien ya fara ganin kalmominsa a jikin taragun kwal tun yana yaro a Birmingham.

Akwai wani sauyin sauti guda da ya mayar da shi rikicin gidan sarauta, kuma a ganina babu inda gwanintarsa ta fito kamar nan. Tsohuwar Quenya tana da sautin th, irin na harafin Larabci mai ɗigo uku wanda Bahaushe ya mayar s a sunan Usman. Noldor su ma suka fara mayar da shi s, shi ya sa wata ya zama Isil a Quenya alhali Ithil ne a Sindarin, kuma kana ganin su biyun a sunan Isildur da na birninsa Minas Ithil. Fëanor, babban ɗan sarki Finwë kuma shugaban masana harshe, ya ƙi wannan sauyi, domin laƙabin mahaifiyarsa Míriel, wato Therindë, da wannan sauti ya fara, kuma ita da kanta ta so a riƙa furta shi yadda ta gada. Bayan rasuwarta Finwë ya auri Indis, wadda mutanenta Vanyar ba su taɓa barin th ba, amma ita ta ɗauki s don ta bi al'adar gidan mijinta. Fëanor ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga mahaifiyarsa, ya hori 'ya'yansa da su riƙe th, har furucin baƙi ɗaya ya zama shaidar ɓangaren da mutum yake goyon baya. Tolkien ya rubuta wannan wajen 1968, ɗansa Christopher ya buga shi a 1996.

Da Noldor suka yi tawaye suka komo Beleriand, sai Quenya da Sindarin suka haɗu bayan dogon rabuwa, ba mai jin wani. Sindarin a lokacin yana da karin harshe uku: na Doriath mai riƙon tsohon salo, na gaɓar Falas, da na arewa a Mithrim. Noldor sun fi saurin koyo, kuma su ne baƙi marasa yawa, don haka dama harshen ƙasa yana kan hanyar rinjaye. Abin da ya ƙarasa zancen doka ce. A shekara ta 67 ta Zamani na Farko, Thingol sarkin Doriath, wanda shi ne Elwë ɗin da aka tsaya nema, ya ji labarin kisan da Noldor suka yi wa danginsa Teleri a Alqualondë, sai ya haramta Quenya a duk faɗin mulkinsa, ya ce kada Basinde ya yi magana da ita ko ya amsa wa mai yin ta. Daga nan Quenya ta koma harshen littafi da waƙa da bikin sarauta, in ban da gidan Turgon a ɓoyayyen birnin Gondolin inda aka ci gaba da yin ta. Sunayen manyan Noldor da ka sani ma riga ce ta Sindarin aka sa musu: Finrod asalinsa Findaráto ne, Turgon kuma Turukáno.

Bayan nutsewar Beleriand, Sindarin ya bi waɗanda suka tsira zuwa Lindon a gaɓar teku, da Eregion wadda aka kafa a 750 ta Zamani na Biyu aka rushe a 1697, da Rivendell da Elrond ya kafa a wannan shekarar. Manyan Sindar da Noldor da suka tafi gabas suka zama sarakunan Elfawan daji, sai harshen Nandor ya yi ta ja da baya a gaban na masu mulki. A ƙarshen Zamani na Uku, lokacin yaƙin da aka yi a kan Zoben Sauron, Sindarin ake yi a Lórien amma da wani kari na daban, kuma tsohon harshen ya saura ne a sunaye irin su Nimrodel da Amroth da Caras Galadhon.

Harsunan 'yan Adam ba su kai na Elfawa tsari ba, kuma ba za a ce duk uwa ɗaya ta haife su ba. Gidaje uku ne suka shiga Beleriand a Zamani na Farko. Gidan Bëor da gidan Hador harsunansu 'yan uwa ne, gidan Haleth kuwa nasu daban yake. Tun kafin su iso, harshen gidaje biyun farko ya riga ya sha aro daga Avari da kuma Wadanni da suka yi cuɗanya da su a hanya. Da aka ba su tsibirin Númenor, harshen gidan Hador ya zama na talakawan ƙasa, ana kiransa Adûnaic, Sindarin ya zama na fada da na yankin arewa maso yamma inda zuriyar Bëor suka fi yawa, Quenya kuma ta zama ta sunayen sarakuna da kundin tarihi. A nan ma siyasa ta shiga. Da sarakunan suka fara hassadar rashin mutuwar Elfawa, sarki na ashirin da ya hau a 2899 ta Zamani na Biyu ya ƙi sunan Quenya ya kira kansa Ar-Adûnakhôr, Ubangijin Yamma, ya hana a yi harsunan Elfawa a gabansa, kuma Ar-Gimilzôr daga baya ya haramta su ɗungurungum. Abin dariyar shi ne kalmar adûn da ke cikin sunan nasa ita kanta aro ce daga Elfawa, 'yar uwar dûn ɗin da na ambata.

Tsibirin ya nutse a 3319, amma harshensa ya riga ya yi saiwa a tashoshin jiragen ruwa da Númenor ta kafa a gaɓar Ƙasar Tsakiya, musamman Umbar da Pelargir, wadda aka gina a 2350 kusa da bakin Anduin. A can Adûnaic ya gauraya da harsunan mutanen ƙasa ya zama harshen kasuwa da fatauci. Elendil da mutanensa, da suka kafa Arnor da Gondor a 3320, ba su ɗauki harshen da muhimmanci ba saboda na sarakunan da suka tsananta musu ne, suka bar shi yana yaɗuwa yana sauyawa ba mai yi masa linzami, sai dai sun ƙawata shi da kalmomin Elfawa. Wannan shi ne Westron, Harshen Kowa, wanda masu shi suke kira Adûni ko Sôval Phârë. A ƙarshen Zamani na Uku shi ne harshen uwa na kusan duk wanda ke zaune a tsohuwar iyakar masarautun biyu, in ka cire Elfawa: daga Umbar a kudu har mashigin Forochel a arewa, daga teku har Duwatsun Hazo da tsaunukan da suka kange Mordor, sannan ya haura Anduin har filayen Gladden. A Gondor harsuna uku suke aiki a lokaci guda, domin jama'a Westron suke yi, sunayen wurare kamar Minas Tirith da Osgiliath da Ithilien na Sindarin ne, wanda manyan gidaje suke ji, sarakuna kuma suna hawa da sunan Quenya. A Arnor an bar wannan al'ada ta ƙarshe da masarautar ta rabu uku a 861 ta Zamani na Uku, inda sarakunan Arthedain suka koma sunayen Sindarin.

Hobitawa, gajerun mutanen nan na ƙasar Shire, ba su da harshen kansu da aka sani. Can da, a kwarin Anduin, harshen maƙwabtansu 'yan Adam suke yi, da suka ƙaura yamma suka ɗauki Westron, kuma kafin su kafa Shire a 1601 ta Zamani na Uku tsohon harshen ya saura a sunayen watanni da ranaku da 'yan kalmomi. Karinsu na ƙauye ya haifar da wani abu da mai karanta labarin da Ingilishi ba zai gani ba sai ya leƙa rataye na ƙarshen littafin The Lord of the Rings. Westron yana da wakilin suna na girmamawa, irin "ku" da ake ce wa babba, da kuma na sabo, irin "kai", amma a Shire na girmamawar ya faɗi daga bakin yawancin mutane. Da Pippin, ɗaya daga cikin Hobitawa, ya isa Minas Tirith sai ya riƙa ce wa kowa "kai", har da Denethor mai riƙon ƙasar. Mutanen birni, da ba su taɓa jin an yi wa ubangidansu haka ba, suka yanke cewa lallai wannan baƙo babban basarake ne a ƙasarsu, suka laƙaba masa Ernil i Pheriannath, Yariman Hobitawa. Ko a wannan laƙabi kana iya ganin ɗabi'ar Sindarin da na faɗa, domin kalmar perian ce baƙinta na farko ya koma ph.

Ɗaya reshen wannan dangi shi ne na mutanen arewa, 'yan uwan gidan Hador da ba su taɓa ƙetare duwatsu zuwa Beleriand ba: mutanen Beorn da mazauna gefen dajin Mirkwood a kwarin Anduin na sama, mutanen Dale da na Dogon Tafki a gindin Erebor, da kuma Rohirrim, waɗanda Eorl ya gangaro da su daga arewa a 2510 ta Zamani na Uku Gondor ta ba su filayen da suka zama Rohan. A nan ne tsohon Ingilishin abokinka ya shigo. Tunda Tolkien ya mayar da Westron Ingilishin zamani, sai ya ga ya dace kowane harshe mai dangantaka da Westron ya samu wakili mai irin wannan dangantaka da Ingilishi. Harshen Rohan tsohon ɗan'uwa ne da bai sauya sosai ba, sai ya ba shi tsohon Ingilishi, shi ya sa kake ganin Théoden da Éowyn da Edoras. Harshen Dale ya ba shi tsohon harshen Sikandinebiya, kakannin Rohirrim kuma ya ba su sunayen Gotawa irin su Vidugavia. Ainihin kalmomin kaɗan ya bayyana. Hobitawa kuduk suke kiran kansu, mutanen Rohan kuma suna ce musu kûd-dûkan, mazaunin rami, wanda ke nuna tsohuwar maƙwabtakarsu a arewa. Frodo Baggins ainihin sunansa Maura Labingi ne, Sam kuma Banazîr. Sunan Rohan kansa ba nasu ba ne, Sindarin ne na mutanen Gondor.

Ƙaramin dangin da na ambata a farko shi ne na 'yan uwan gidan Haleth, waɗanda suka riga kowa zama a Fararen Duwatsu da ƙasashen da ke tsakanin koguna a yamma. Jiragen Númenor sun sare musu dazuzzuka, kuma da yake harshensu bai yi kama da Adûnaic ba, ba a gane su a matsayin dangi ba. A Zamani na Uku mutanen Dunland ne kaɗai suka riƙe harshen, kuma kalma ɗaya tak aka adana daga gare su, forgoil, masu kan ciyawa, zagin da suke yi wa Rohirrim da suka ƙwace musu ƙasa. Mutanen Bree jininsu ɗaya da su, amma sun daɗe da komawa Westron, sai sunayen garuruwansu suka saura, waɗanda Tolkien ya wakilta da kalmomi masu kamannin harshen Keltawa kamar Bree da Archet. A Gondor ma sunaye irin su Erech da Arnach da Eilenach da Rimmon sun girmi zuwan jiragen Númenor. Drúedain na dajin Drúadan, mutanen Ghân-buri-Ghân, nasu harshen bai haɗa komai da duk waɗannan ba.

Game da kudu da gabas kuwa, wato Harad da Khand da Rhûn, nan ne aikin ya fi rauni, kuma ba na jin ya kamata a yi masa kwaskwarima. Ƙasashe ne da suka fi yammacin girma, da al'ummomi masu yawa, amma abin da aka ba su bai wuce 'yan kalmomi ba, irin mûmak, sunan giwar yaƙi, da Variag. Mutumin da ya ɓata shekaru yana tace tarihin baƙi ɗaya a Quenya bai zauna ya ba Haradawa ko da jimla guda ba, kuma dalilin a fili yake: labarin daga bakin mutanen yamma aka ba da shi, su kuma a fagen fama kawai suke haɗuwa da waɗannan.

Harshen Wadanni, Khuzdul, ba gadonsa suka yi daga wata uwa ba, Aulë, ɗaya daga cikin Valar, wanda ya ƙera su, shi ne ya tsara musu shi, kuma saboda girmama shi da suke yi bai sauya ba sai kaɗan, har Wadan Shuɗɗan Duwatsu yana iya fahimtar na gabas mai nisa. Ana yin sa a duk inda suke da mazauni, a Nogrod da Belegost a Zamani na Farko, a Khazad-dûm, daga baya a Erebor da Tuddan Ƙarfe, amma a cikin gida kawai. A waje harshen maƙwabta suke yi, sunayen maƙwabta suke ɗauka, kuma sunansu na gaskiya ko a kan kabari ba sa rubuta shi. Saboda haka Thorin da Balin da sauransu sunaye ne na mutanen arewa, waɗanda Tolkien ya ɗebo, har da Gandalf, daga jerin sunayen wadanni a tsohuwar waƙar Aislan mai suna Völuspá. Ginin Khuzdul zai zo wa wanda ya yi karatun Larabci da sauƙi, domin Tolkien da gangan ya ɗora shi a kan tsarin harsunan Semitik, inda baƙaƙe uku suke riƙe ma'ana wasula suna shiga tsakaninsu, kamar yadda kitab da katib da maktab suka fito daga saiwa ɗaya. Daga kh-z-d aka samu Khazâd, Wadanni, da Khuzdul, harshensu; Ba'orke, wato ɗaya daga cikin Orkawa, mugayen halittun da ke yi wa Sauron yaƙi, Rukhs ne, jam'insa Rakhâs. Adûnaic ma yana da irin wannan gini, abin da aka danganta da tsohuwar cuɗanyar nan. Duk da ɓoyon, 'yan kalmomi sun tsallaka: heledh, gilashi a Sindarin, daga kheled ne, laƙabin Felagund kuma daga felak-gundu, mai sassaƙa kogo.

Sauran ukun ba su da dogon bayani. Elfawa ne suka sa wa Entawa sha'awar magana, amma harshen da suka ƙaga nasu ne, mai jan lokaci da maimaici da bambancin karin sauti, wanda ba wanda ya iya koya, kuma a Zamani na Uku a dajin Fangorn kaɗai ake jin sa. Harshen Valar a Aman yake, bai yi wa kunnen Elfawa daɗi ba, su Valar ɗin ma da Quenya suke magana da su. Baƙin Harshe kuwa Sauron ne ya ƙirƙira a Zamani na Biyu don ya zama na duk bayinsa, bai kuwa samu biyan bukata ba. Da shi aka yi rubutun jikin Zobe, daga gare shi aka samu nazg, zobe, da Nazgûl, manyan bayinsa fatalwan Zobe, amma bayan faɗuwarsa ta farko Nazgûl ne kaɗai suka riƙe shi, sai da ya dawo ya sake zama harshen Barad-dûr da hafsoshin Mordor. Orkawa ba su da harshe guda. Kowace ƙabila ta tsinci na maƙwabta ta lalata, har karorinsu suka yi nisa da juna. Shi ya sa lokacin da Orkawan Isengard da na Mordor da na Moria suka kama Merry da Pippin, da Westron suka yi ta gardama a kan abin da za a yi da su, fursunonin kuma suna jin yawancin abin da ake faɗa.

Idan ka ci gaba da bincike za ka gamu da wani tsari da ya saɓa wa wannan, kada ya ruɗe ka. A 1937 Tolkien ya rubuta wani bayani mai suna Lhammas, wanda aka buga a 1987, inda ya ce duk harsuna daga na Valar suka fito ta rassa uku: na Oromë wanda ya koya wa Elfawa, su kuma suka ba 'yan Adam, na Aulë na Wadanni, da na Melkor na Orkawa. A wancan tsari harshen nan mai kama da na Wales na Noldor ne, sunansa Noldorin, daga hayin teku suka zo da shi, 'yan ƙasar Beleriand kuma Ilkorin suke yi. Sai a farkon shekarun 1950, yana shirya ratayen The Lord of the Rings wanda ya fito a 1954 da 1955, ya ƙwace harshen daga hannun Noldor ya miƙa wa Sindar, ya kuma bar Elfawa su ƙagi nasu da kansu. Abin da na bayyana maka shi ne tsarin baya, wanda ya dace da wannan littafi da The Silmarillion na 1977. Jimlolin Elfanci da na Wadanni da ka ji a finafinan 2001 zuwa 2003 kuwa, da yawansu masanin harshe David Salo ne ya harhaɗa su daga abin da Tolkien ya bari, yana cike giɓi da hasashe inda kalma ta yanke, don haka idan kana son kafa hujja a kan wani harshe daga cikinsu, rataye na ƙarshen littafin da kundayen da Christopher Tolkien ya buga daga 1983 zuwa 1996 za ka nufa.